Daga Kwari Zuwa Keqiao: Masaƙar da Kyamara Ke Tsaron Yadi da Rai

Duk wanda ya san Kantin Kwari ya san cewa mafi yawan atamfa da leshi da yadin da ake jibgewa a shagunanta yanzu daga ƙasar Sin suke zuwa. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne yadda ake yin su. Kawuna ya daɗe yana saro kaya daga can ta hannun wakili, har ranar da wata kwantena ta zo masa da abin da ya kusa karya masa jari: bandir-bandir na yadi da farin ratsi a tsakiya, wasu kuma awon bai cika ba. Masaƙar ta ce lafiya lau kaya suka bar hannunta, wakili ya ce shi ma haka ya gani, Kawu ya rasa wanda zai riƙe. Da ya yanke shawarar canza masaƙa, sai ya ce wannan karon da ƙafarsa zai je, ni kuma in raka shi don in riƙa rubuta masa abin da aka yi yarjejeniya a kai.

Maganar biza da takardar gayyata ta ci lokacinta ta wuce. Muka tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano a jirgin Habasha, muka yada zango a Adis Ababa. Zauren jiran jirgin birnin Guangzhou na Sin cike yake da 'yan kasuwa, mutanen Kano da na Onica, 'yan Maraɗi, matan Mali da na Kongo, kowa da jakar samfurinsa a gefe. A benci ɗaya na ji Hausar Kano da ta Damagaram da ta Kumasi, kuma duk hirar ɗaya ce: farashin dala da kuɗin fiton kwantena. Daga Adis muka yi wajen awa goma a sama. Agogon Sin yana gaban namu da awa bakwai, don haka muka sauka jiki na cewa hantsi ne, gari kuwa la'asar ta yi.

Sabon wakilin Kawu ne ya tarye mu, wani matashi ɗan Damagaram da karatu ya kai shi can ya zauna, Sinanci a bakinsa kamar an haife shi da shi. Ya durƙusa ya gaida Kawu, ya karɓi jakarsa, ya kai mu unguwar Xiaobei inda baƙi 'yan Afirka suka fi sauka. Ɗaki mai gado biyu da ruwan zafi da na'urar sanyaya ɗaki ya kama mana wajen yuan 200 a kwana, a lokacin kuwa yuan ɗaya ya ɗan haura naira 200. Da na buga lissafi sai na ga kuɗin bai fi na matsakaicin otel a Kano ba, ga shi babu ƙarar janareto. Abinci ma bai ba mu wuya ba. Kowane lungu akwai shagon taliyar Lanzhou, na Musulmin Sin masu fararen huluna, da koren allo mai alamar halal a bakin ƙofa. A gabanka za a ja ƙullun fulawa da hannu har ya zama siraran zare, a tsoma a tafasasshen ruwa, a zuba romon naman shanu da yaji, kwano ɗaya ƙasa da yuan 20. Kawu ya daure kwana biyu, a na uku ya ce shi fa sai tuwo. Wakili ya hau da mu wani bene inda wata baiwar Allah 'yar Nijar ke tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka, faranti ɗaya kuɗin kwano uku na taliya, amma wurin ba masaka tsinke.

Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin da ke kusa da kabarin da mutanen garin ke dangantawa da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Allah Ya ƙara masa yarda, ko da yake littattafan tarihi sun nuna a Madina aka binne shi. Sahu ya haɗa Larabawa da 'yan Pakistan da Sinawa da mu. Daga baya muka leƙa masallacin Huaisheng mai tsohuwar hasumiya, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar. A hanyar komawa ne na fara lura da abin da zai zama kan maganar wannan tafiya. Babu turken fitila, babu bakin lungu, babu ƙofar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ba a ɗora wa kyamara ba. Na tambayi wakili ko abin ba ya damunsu. Ya ce, "Yaya, in ka mance waya a tasi, da yardar Allah gobe tana hannunka. Amma in bizarka ta ƙare da kwana ɗaya, haka nan gobe za a ƙwanƙwasa maka ƙofa."

Masaƙar da za mu ba a Guangzhou take ba, tana lardin Zhejiang, can gabas. Muka hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya daga tashar kudu, tikiti wajen yuan 700 kowane mutum. 'Yan ƙasa katin shaida suke ɗorawa, kyamara ta dubi fuska, ƙofa ta buɗe. Mu baƙi fasfo muke nunawa. Allon da ke saman ƙofar tarago yana nuna gudun kilomita 300 a awa, amma shayin da ke gaban Kawu ko motsi bai yi ba. Muka ratsa duwatsu ta cikin ramuka, muka wuce fadamun shinkafa da garuruwan da ko sunansu ban taɓa ji ba, kowanne da dogayen benaye da hayaƙin masana'antu. Sin ta buɗe layin irin wannan jirgi tsakanin Beijing da Tianjin a 2008, yau tsawon layukan ya haura kilomita 40,000. Ina kallon taga ina tuna yadda tafiyar Kano zuwa Legas ke cinye wa direban tirela kwanaki.

Muka kwana a Hangzhou, garin tafkin nan mai suna da ake kira Tafkin Yamma, garin shayin Longjing da kamfanin Alibaba. Muka ziyarci tsohon masallacinsu na Fenghuang da ke tsakiyar kasuwa. A unguwar Binjiang, ƙetaren kogin Qiantang, wakili ya nuna mana hedikwatar Hikvision da ta Dahua, kamfanoni biyu da aka kafa a 2001, waɗanda ke sahun gaba a duniya wajen ƙera kyamarorin tsaro. Duk wanda ya taɓa sa kyamara a shago a Kano, da wuya in ba ɗaya daga cikin sunayen nan biyu ne a jikinta ba. Akwai kuma abin da bai kamata Musulmi ya wuce bai faɗa ba. A watan Oktoba na 2019 gwamnatin Amurka ta sa kamfanonin biyu a jerin waɗanda ta taƙaita cinikayya da su, bisa zargin cewa an yi amfani da kayansu wajen sa ido a kan Musulmin Uygur a yankin Xinjiang. Na tsaya a gaban benayen nan da wannan a raina: na'urar da ke kama ɓarawon shago ita ce dai ake iya juyawa a kan bayin Allah da ba su ji ba su gani ba.

Daga Hangzhou zuwa Keqiao, wani yanki na birnin Shaoxing, tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce. Keqiao garin yadi ne tun daga tashar jirgi har gefen gari. Hukumominsa na cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yadin da ake ciniki a duniya ta kasuwarsu yake bi. Benaye ne jere, kowane hawa da ɗaruruwan shaguna, amma ba a jibge kaya kamar a Kwari. Samfur kawai ake ratayewa, kaya na sito. Masaƙun rini da buga zane kuwa an kwashe su daga cikin gari an tara su a yankin Binhai, wajen gaɓar teku, saboda gurɓataccen ruwan da suke fitarwa. Can mota ta kai mu da sassafe.

Tun daga ƙofa kyamara ta karanta lambar motar, sandar ta ɗaga da kanta. Manajan, wani dattijo mai furfura, ya tarye mu da hannu biyu, ya zaunar da mu a gaban teburin shayi na katako, ya wanke 'yan ƙananan kofuna da ruwan zafi, ya yi ta zuba mana har sai da Kawu ya rufe kofinsa da tafin hannu. Ba a yi maganar kuɗi ba sai da aka tambayi lafiyar iyali da gajiyar hanya, abin da ya yi wa Kawu daɗi ƙwarai. Sannan aka ba mu hular kwano da riga mai ƙyalli, muka shiga.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarshen layi, inda yadi ke fitowa daga injin busarwa kafin a naɗe shi. An gicciye wani ƙarfe a saman yadin, an jera kyamarori a jikinsa suna kallon ƙasa, da doguwar fitila mai farin haske. Waɗannan ba irin na gadi ba ne. Siririn layi ɗaya suke ɗauka daga wannan baki zuwa wancan, sau dubbai a daƙiƙa, kwamfuta ta harhaɗa layukan su zama hoton yadin baki ɗaya, ta gwada shi da yadda ya kamata ya kasance. Muna tsaye sai wata ƙara ta tashi, jar fitila ta kama. Yarinyar da ke gaban allo, wadda ba za ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, ta taɓa hoton ya girma. Wani ɗigon fari ne da bai kai ƙwayar gero ba a cikin shuɗin fure, kuma allon ya nuna yana maimaita kansa a tazara ɗaya, tare da lambar mitar da ya fara. Ta manna 'yar takarda a gefen yadin, ta ɗaga waya ta yi magana biyu. Kafin mu taka zuwa wancan ɓangare an tsayar da injin buga zane, wani makaniki ya durƙusa yana wanke ɗaya daga cikin gangunan da ke zuba launi, inda wani ɗan datti ya toshe raga. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo ya ce da ni, "Ɗana, ka ga ratsin da ya cinye mini kwantena. Da akwai wannan a can, da a mita goma ya tsaya."

Manajan ya yi mana bayanin yadda suke auna aibi, ta hanyar da masaƙu da yawa a duniya ke bi. Aibin da bai wuce inci 3 ba maki ɗaya ne, zuwa inci 6 maki biyu, zuwa inci 9 maki uku, abin da ya haura haka maki huɗu. Sai a tara makin a kan kowane yadi murabba'i 100, kuma galibin masu saye ba sa karɓar abin da ya wuce maki 40. A da mutum ne ke tsayawa a gaban wani karkataccen tebur mai fitila, yadi na wucewa yana ƙirgawa, kuma duk ƙwarewarsa in dare ya raba ido kan gaji. Yanzu kowane bandir yana fita da takardarsa: tsawonsa, makinsa, da hoton kowane tabo da inda yake. Sai dai bai ɓoye mana iyakar na'urar ba. Yadi mai launi ɗaya ya fi mata sauƙi. Atamfa mai tarin zane takan rikita ta, ta yi ƙara a kan abin da ba aibi ba, shi ya sa har yanzu akwai tsofaffin ma'aikata a teburin dubawa. Daidaiton launi kuma wata na'ura ce daban ke auna shi a ɗakin gwaji. Kawu ya kama bakin yadi ya murza tsakanin yatsu, ya ɗaga shi ga haske, ya faɗi nauyinsa bai kuskure da yawa ba. Manajan ya yi dariya ya ɗaga masa babban yatsa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, kuma taushin yadi a hannu har yau babu kyamarar da ta san shi.

Daga nan muka bi gefen injin busarwa, dogon akwatin ƙarfe da ake ratsa yadin roba ta cikinsa a zafin da ya kusa digiri 200 don ya zauna a faɗinsa. A nan gobarar masaƙa ta fi tashi, domin maiƙo da burbushin zare kan taru a bututun hayaƙi. An kafa kyamarori masu ganin zafi suna kallon bututun da akwatunan wutar lantarki. A allo wuri mai sanyi shuɗi ne, mai zafi ja, in ya wuce ƙa'ida ƙararrawa ta tashi tun kafin hanci ya ji ƙauri. A ƙasa an ja layin rawaya inda ƙananan motocin ɗaga kaya ke bi. Wakili ya taka layin yana waya, nan take wata murya ta yi magana daga lasifika, ya ja da baya. Akwai kuma kyamara a kan kowace ƙofar gudun gobara, aikinta kawai ta tabbatar ba a kulle ba, ba a kuma tare ta da kaya ba. Manajan ya ce Sinawa sun sha darasi mai ɗaci a kan wannan: a watan Yuni na 2013 gobara ta kashe mutum 121 a wata masana'antar kaji a lardin Jilin, kuma ƙofofi a kulle na cikin abin da ya hana mutane fita.

Da azahar aka ba mu wani ɗakin taro muka yi salla, an ma shimfiɗa mana sabon yadi a ƙasa. Sannan manajan ya ɗauke mu a motarsa zuwa gidan abincin Musulmi a cikin gari, ya ce ya bincika tun jiya. Teburi ne mai faifan gilashi da ke juyawa, aka cika shi da tsiren rago mai kamun yaji, da kaza da dankali a babban faranti, da gurasa mai zafi. Duk abin da Kawu ya yaba sai an ƙaro. Da muka nemi biya ya ɓata rai sosai. Karamcin nan ya yi kama da na gida, kuma a kan teburin aka ƙarasa cinikin da ofis bai ƙarasa ba.

Ban so in bar wurin da maganar mai gida kaɗai ba. Da yamma, lokacin canjin aiki, na roƙi wakili ya yi mini tafinta da wani ma'aikaci da ke zaune a bakin ƙofa, mutumin lardin Guizhou da ya baro mata da 'ya'ya a ƙauye, sai hutun sabuwar shekararsu yake ganinsu. Awa goma sha biyu yake yi a tsaye. Ya ce kyamara ta taɓa wanke shi: bandir ya ɓace a sito, aka fara kallonsa, da aka mayar da hoto baya sai aka ga an loda shi a wata mota bisa kuskure. Amma ya ce ita ce kuma ke sa a yanke wa mutum albashi in an gan shi ya duba waya ko ya jingina da bango. Sin ta yi dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a watan Nuwamba na 2021, kuma na ga alluna a bango masu sanar da cewa ana ɗaukar hoto. Duk da haka, daga yadda mutumin nan ya waiga kafin ya amsa mini, na gane cewa takardar doka ba ta sauke nauyin ido daga wuyan talaka.

Ranar lodi Kawu ya samu abin da ya kawo shi. Kyamara na kallon bakin kwantena tun tana fanko. Kowane bandir sai an haska lambarsa kafin ya shiga, adadin na hawa a allo, har aka rufe, aka ɗaura hatimin ƙarfe, aka ɗauki lambarsa kusa da kusa. Kafin mu shiga mota an turo wa Kawu bidiyon da takardun bandir-bandir ta manhajar WeChat. In kaya suka iso Kano da gibi, yanzu an san daga inda za a fara tambaya.

A jirgin dawowa na yi ta auna abin da na gani da abin da na sani a gida. Mu ma mun yi masaƙu. An buɗe Kaduna Textiles a 1957, unguwar Kakuri ta cika da ma'aikata, Kano ta yi Bompai da Sharaɗa da Challawa, kuma tun kafin wannan duka marinar Ƙofar Mata ta yi suna har ƙetaren hamada. Rashin wuta da fasa-ƙwauri da tsadar kayan aiki ne suka durƙusar da masaƙun, kyamara ba za ta tashe su ba. Amma masana'antun da suka rage mana, na shinkafa da robobi da fata da man gyaɗa, da yawansu sun sa kyamarori, kuma waɗanda na shiga, idon yakan kalli wuri uku: ƙofar fita, sito da akwatin kuɗi. Ma'ana aljihun lebura ake tsaro. A Keqiao ma ana tsaron kaya, sai dai an fara da ingancin abin da za a sayar wa mutane, aka bi da wutar da za ta iya cin rai, ɓarawo ya zo daga baya. Inda mai masana'anta ya juya kyamararsa, nan zuciyarsa take.

Ba sai mun sayi na'urar miliyoyi ba kafin mu gyara wannan jeri. Kyamara ta kasuwa, in an ɗora ta a kan sikeli da wurin ɗinke buhu, za ta rage rigimar awo tsakanin masana'anta da dillali. In an ɗora ta a kan tukunyar tururi da akwatin wuta da ƙofar gudu, aka haɗa ta da batir da sola don kada ta mutu lokacin da aka ɗauke wuta, za ta iya ceton rayuka. Sharaɗin shi ne a samu mutum a gaban allo wanda aka ba ikon tsayar da inji ba tare da tsoron kora ba, kamar yarinyar nan da ta ɗaga waya aka tsayar da layi guda saboda ɗigo ɗaya. A kuma sanar da ma'aikata inda idon yake, a nisanta shi daga banɗaki da wurin canza kaya da masallaci, a ba lebura damar neman hoton in shi aka zalunta. Nijeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a 2023, kuma hoton fuskar ma'aikaci na cikin abin da ta shafa.

Ba mu manta ba, a watan Satumba na 2002 gobara ta cinye ma'aikata masu yawa a wata masana'antar roba a Ikorodu, aka ce an kulle su ciki da dare. A 2020 kuma 'yan sanda suka fito da mutum sama da ɗari daga wata masana'antar shinkafa a Kano, inda aka tsare su watanni suna aiki lokacin kullen korona. Wanda ya kulle ƙofa a kan bayin Allah don tsoron a ɗauke masa buhu, ko ya jera kyamara ɗari bai tsare komai ba. Hoton da ta ɗauka shaida ce a kansa, a gaban hukuma in ta tashi aikinta, da kuma gaban Wanda ba ya bukatar kyamara.